Daga Kwando Zuwa Kwalba: Kundin Aikin Rani na 2025

Asabar, 8 Fabrairu

Kwandon tumatir ɗaya a kasuwar Yankaba, naira 9,000. Dako da adaidaita sahu 2,500. Mai kayan ya ce daga Kadawa aka sauke shi da asuba, kuma da gani ba a yi masa gardama, don jawur yake, mai tsoka, ba ruwa da yawa. Bayan mun tsince waɗanda suka fashe, sikeli ya nuna kilo 31.

Duk mai girki a Kano ta san yadda shekara ke tafiya. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani yana cika kasuwa har ana zubarwa, sai bazara ta yi nisa a koma sayen guda huɗu a faranti. Iyayenmu suna yin kauɗa, kuma har yanzu ana shanya ta a bakin titin Zariya, amma ƙasa da ƙura da ke shiga cikinta sun sa ba na jin daɗin miyarta. Bana na ƙudiri aniyar in adana kayan rani a kwalba: tumatir tukuna, sannan jam na zoɓo da na mangwaro, sannan catni, wato mahaɗin abinci mai tsami da zaƙi da yaji irin na mutanen Indiya. Zan riƙa rubuta abin da na kashe da abin da ya faru, don baɗi in san inda zan gyara.

Lahadi, 9 Fabrairu

Tun bayan sallar asuba muke kai, ni da ƙanwar maigida. Markaɗe naira 1,500. Na tsaya a kan mai injin sai da ya wanke shi tas, don ba na son ɗigon tattasai ko albasa ya shiga ciki.

Wannan shi ne wurin da na saɓa wa yawancin matan unguwarmu. Su suna haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa su markaɗa gaba ɗaya, su dafa, su ɗura a kwalbar bama. Ya fi sauƙi ranar girki, ban musa ba. Amma akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa, Clostridium botulinum, wadda ƙwanta ba ya mutuwa a tafasasshen ruwa, sai zafi ya kai digiri 121, abin da tukunyar gida ba ta kaiwa. Wurin da ta fi so shi ne rufaffiyar kwalba mara iska, kuma dafin da take fitarwa yana shanye jiki har numfashi ya tsaya, ba tare da abincin ya yi wari ko ya canza launi ba. Abin da ke hana ta tashi tsami ne. A ma'aunin tsami da ake kira pH, muddin abu yana ƙasa da 4.6 ba ta iya girma a cikinsa. Tumatir yana dab da wannan iyaka, tattasai da albasa kuwa sun wuce ta. Shi ya sa nawa zalla na yi, kuma na ƙara masa tsami: kwatan ƙaramin cokali na garin sitirik asid a kowace kwalba mai rabin lita, kamar yadda ma'aikatar noma ta Amurka ta tsara wa masu adana tumatir a gida. Cokali babba ɗaya na ruwan lemon tsami na kwalba da ake sayarwa a kanti ma yana yi.

Na dafa har ya ƙone kusan rabi, na ɗura da zafinsa a kwalabe masu ɗumi, na bar sarari kamar faɗin yatsa a sama, na goge bakin, na rufe. Tsumma a gindin babbar tukunya, kwalabe a kai, ruwa ya sha kansu, minti 40 daga lokacin da ya fara tafasa. A bakin teku minti 35 ne, amma Kano tana kan tudu kusan mita 480, ruwanmu yana tafasa kafin ya kai digiri 100, don haka ake ƙara minti biyar.

Kwalba 21. Ɗaya ta fashe a tukunya.

Talata, 11 Fabrairu

Gwajin murfi. Idan kwalba ta kama, tsakiyar murfin yana lotsawa ciki, ka danna ba ya motsi. Goma sha huɗu sun kama, shida ba su kama ba, kuma duka shidan masu tsofaffin murafu ne da robar cikinsu ta taurare. Na juye su a leda na kai firizar maƙwabciya mai sola. Kwalba ana iya sake amfani da ita, murfi kuwa sau ɗaya yake aiki da kyau. Na sayo sababbin kwalabe 36 a Sabon Gari, masu ɗan maɓalli a tsakiyar murfi, naira 600 kowace, da takardar gwajin tsami naira 3,000.

Asabar, 15 Fabrairu

Kwando na biyu, naira 8,500, kuma yau aka samu babbar tangarɗa.

Na raba markaɗen tukunya biyu. Na shiga ɗaki yin sallar azahar, kafin in fito Hajiya, mahaifiyar maigida, ta leƙo kicin ta ɗanɗana, ta ji tsami, ta sa wata yarinya ta jiƙa kanwa ta zuba a tukunyar farko. Ina shigowa na ga kumfa ta taso, launin ya yi duhu. Na sa takardar gwaji, ta nuna kusan 6.

Na ce, "Hajiya, wannan ba zai shiga kwalba ba, sai dai mu cinye shi."

Ta ce, "'Yar nan, tun kafin a haife ki nake kashe tsamin tumatir da kanwa, ban taɓa ganin wanda ya kwanta ba. Da tsohuwar zuma ake magani."

Na ce, "Gaskiya ne Hajiya, Allah ya ƙara girma. Amma ke a ranar kike dafawa a ranar a ci. Wannan wata huɗu zai yi a rufe, kuma tsamin nan shi ne mai gadinsa. Ranar da muka buɗe za mu yi miya, ki sa masa kanwar da hannunki."

Ta yi shiru kaɗan, ta ce to Allah ya sa albarka, ta kuma ce a kai wa maƙwabta. Haka aka yi: wani gida kwano ɗaya, wani biyu, sauran muka yi dage-dage da shi. Kusan kilo 15 ke nan bai shiga ajiya ba. Tukunya ta biyu ta ba da kwalba 10, duk da sababbin murafu.

Abin ya tsaya mini a rai, don kusan duk bayanin adana tumatir da ake turawa a rukunonin mata na WhatsApp sai ka ji an ce a sa kanwa ko bakin hoda (baking powder) "don kashe tsami". A girkin yau da kullum daidai ne. A kwalbar ajiya kuwa cire kariya ne. Duk wadda ta tambaye ni, wannan nake fara gaya mata kafin komai.

Laraba, 19 Fabrairu

Duka goman sun kama. Na liƙa takarda a kan kowace da kwanan wata, na jera su a kwali a ƙarƙashin gado, inda ba haske.

Asabar, 22 Fabrairu

Jam na zoɓo. Wannan ne aikin da ya fi faranta mini rai zuwa yanzu.

Zoɓon daga Dawanau, baƙi mai kauri, na Jigawa. A kasuwar nan ake loda shi tirela-tirela ana fitarwa waje, har Meziko, inda suke shan sa kamar yadda muke sha. Mutanen Senegal suna yin jam da shi, haka ma a Ostireliya, amma mu da muke noma shi yawanci mun tsaya a kan lemo, muna tafasawa mu zubar da ɓawon. Ɓawon nan kuwa shi ne dukiyar, don yana ɗauke da sinadarin pektin, wanda ke sa jam ya daskare, ga kuma tsaminsa na kansa. Abu uku jam ke bukata, pektin da tsami da sukari, zoɓo ya zo da biyu.

Giram 250 na busasshe. Wanki shi ne rabin aikin, sai an yi ta ɗauraya har ƙasan roba ya daina nuna yashi, an kuma cire itatuwa da 'ya'yan da suka maƙale. Na jiƙa shi ya kwana a ruwa lita ɗaya da rabi, na dafa har ya yi laushi yana murjewa a yatsa, na niƙa a bilenda, na zuba sukari kilo ɗaya da giram 200, da ɗanyar citta kaɗan da kanumfari guda biyar a ƙullin ƙyalle. Sukari ba ya shiga sai ɓawon ya gama laushi, in an riga an zuba shi ɓawon taurarewa yake yi. Tukunyar samira na sa, ba ta dalma ba, don tsami yana cin dalma ya bar ƙarni a baki.

Gwajin faranti: ɗigo ɗaya a kan faranti mai sanyi, a jira minti ɗaya, a tura da yatsa. In ya tattare ya yi layi-layi, ya yi. Ma'aunin zafi ya nuna 103. Littattafan Turawa suna cewa 105, amma wannan lissafin bakin teku ne.

Ƙananan kwalabe 8, minti 10 a tafasasshen ruwa. Yara sun lashe tukunyar da burodi. Hajiya ta ci da gurasa ta ce a ajiye mata biyu na azumi.

Kuɗi: zoɓo 800, sukari 2,200, citta da kanumfari 300, gas kamar 1,000.

Alhamis, 27 Fabrairu

Catni na tsamiya da dabino, saboda samosar buɗa-baki. A Indiya da irinsa ake cin samosa, kuma mu muna da kayan duka a gida. Tsamiya rabin kilo, na jiƙa a ruwan zafi na tace. Busasshen dabino ɗan Agadas rabin kilo, shi ma na jiƙa na niƙa. Mazarƙwaila guda biyu maimakon farin sukari, garin citta, barkono, gishiri. Dabino ba shi da tsami, don haka na gwada bayan haɗawa: ƙasa da 4. Duk da haka wannan ba na dogon zama ba ne, firij zai shiga, a cinye cikin watan.

Lahadi, 9 Maris

Azumi tara. Babu aikin kwalba, tsayuwa a gaban wuta da rana ba ta yiwuwa. Catnin tsamiya ya kusa ƙarewa, maigida yana sa shi har a kan ƙosai.

Alhamis, 20 Maris

Na jawo kwalin ƙarƙashin gado don dubawa, na tarar kwalba ɗaya daga rukunin farko murfinta ya kumbura, ƙananan kumfa suna tasowa daga ƙasa, gefen murfin ya yi danshi. Tana cikin masu tsohon murfi da suka nuna sun kama a farko. Da alama robar ta saki daga baya da zafi ya fara shigowa.

Ƙanwar maigida ta ce, "Anti, bari in ɗanɗana mu ji ko da gaske ya lalace." Na riƙe hannunta. Irin wannan ba a ɗanɗanawa, ko a bakin cokali. Na sa leda a hannu, na juye shi a masai, ban zuba a bola ba saboda kaji da awakin unguwa. Kwalbar da murfin na naɗe na jefar, na wanke wurin da bilic.

Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Biyu na ji murfinsu yana ɗan motsi in na danna, su ma na zubar, ko da yake ba su nuna komai ba. Ya yi mini ciwo, aikin yini guda ne a cikinsu. Daga rukunin farko saura 11, rukuni na biyu goma cif, ba abin da ya same su. Na yanke shawara masu tsofaffin murafun su za mu fara buɗewa, kuma duk wadda aka buɗe sai ta tafasa sosai aƙalla minti 10 a miya kafin a kai baki.

A ranar kuma na ga furfura a saman jam ɗin zoɓo da ke buɗe a kicin. Da jiƙaƙƙen cokali yara ke ɗiba, ga rashin wuta kwana da kwanaki, firij ya zama kabad. Na zubar da shi duka, ban kwashe saman kawai ba, don saiwar furfura tana shiga ciki inda ido ba ya gani. Daga yanzu kwalabe da suka fi waɗannan ƙanƙanta zan riƙa yi wa jam, waɗanda za a cinye a mako guda.

Asabar, 5 Afrilu

An yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Mangwaro ya cika 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, motoci daga Binuwai suna ta saukewa. Na sayi paparanda nunannu na naira 6,000, na samu tsoka kilo uku bayan fira.

Sukari kilo biyu da kwata, ruwan lemon tsami guda huɗu. Na dafa har zafi ya kai 103, ƙamshi ya cika gida, amma gwajin faranti ya ƙi. Na ƙara lokaci, launin ya fara komawa ruwan ƙasa, gindin tukunya ya fara kamu, na sauke. Da ya huce sai ga shi yana zuba kamar kunu.

Dalilin a fili yake. Mangwaro in ya nuna lugub pektin ɗinsa ya riga ya narke, tsaminsa ma ya tafi. Takardar gwaji ta nuna kusan 4.5, alhali pektin ba ya kamawa da kyau sai tsami ya sauko wajen 3 zuwa 3.5. Lemon guda huɗu ya yi kaɗan ga kilo uku. Ban ɗura ba, na rufe na kai firizar maƙwabciya.

Talata, 8 Afrilu

Gyara. Na samo mangwaro biyar da suka ƙosa amma ba su nuna ba, na goga su a magogi, na dafa daban da ruwa kaɗan har suka narke. Na matse lemon tsami goma sha biyu, na tara 'ya'yan da farin ɓargon cikin ɓawon na ƙulle a ƙyalle mai tsabta, don nan ne pektin ɗin lemo ya fi yawa. Na haɗa duka da na ranar Asabar, na ƙara sukari rabin kilo, na raba gida biyu na dafa a faffaɗar tukunya da wuta mai ƙarfi. Raba shi ya taimaka ƙwarai: kaɗan a tukunya mai faɗi yana ƙonewa da wuri kafin launi ya lalace.

Ya kama. Bai yi tauri kamar na zoɓo ba, amma yana zama a kan burodi. Launin ya fi yadda nake so duhu saboda dahuwa biyu. Kwalba 15. Ma'aunin da zan bi nan gaba: kashi uku nunanne, kashi ɗaya ɗanye, sukari giram 750 da lemon tsami huɗu ga kowane kilo na tsoka.

Asabar, 19 Afrilu

Iskar daren Alhamis ta kakkaɓo ɗanyun mangwaro a gidan yayata, ta aiko mini da bokiti guda. Yara sun ɗebi nasu na ci da gishiri da yaji, sauran na yi catni. Na sa safar hannu wajen fira, don ƙaron ɗanyen mangwaro yana ƙona fata.

Mangwaro kilo biyu yankakke ƙanana, khal (wato binega) rabin lita mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, sukari kilo ɗaya, albasa biyu, tafarnuwa, ɗanyar citta, barkono, masoro, kanumfari, zabibi, gishiri. A nan albasa ta samu shiga saboda khal ya rinjaye ta, gwaji ya nuna wajen 3.5. Wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa, fiye da awa ɗaya, har in ka ja muciya a gindin tukunya hanyar ta tsaya ba ruwa ya rufe ta nan take. Tururin khal yana shaƙe mutum, a tsakar gida na ƙarasa a kan gawayi.

Kwalba 9, minti 15 a ruwa. Yau khal ne kawai ke tashi a baki. Catni sai ya kwanta wata guda ko fiye kafin kayan ƙamshin su shiga juna, don haka na rubuta a kan kwalin: kada a taɓa sai babbar sallah.

Asabar, 26 Afrilu

Zafi ya wuce 40 a inuwa. Na mayar da kwalayen ɗakin da rana ba ta bugu, kusa da randa. Jam ɗin zoɓo da ke kan kanta kusa da taga ya fara dusashewa daga ja zuwa ruwan goro, na cikin kwali kuwa yana nan da launinsa.

Asabar, 3 Mayu

Lissafi zuwa yau. Tumatir kwando biyu da dako da markaɗe 25,500. Kwalabe 21,600, da ƙarin wasu ƙanana 7,200. Sukari gaba ɗaya wajen 9,000. Mangwaro, lemo, zoɓo, tsamiya, dabino, khal da kayan ƙamshi 17,500. Gas da gawayi kusan 12,000. Ma'aunin zafi da takardar gwaji da sitirik asid 9,500. Jimla ta haura 102,000 kaɗan.

Kuɗin ya fi yadda na zata, amma kashi ɗaya cikin uku na kwalabe ne da kayan awo, waɗanda baɗi murafu kawai zan saya musu. Abin da ya fi cin kuɗi a ɓoye gas ne, musamman ƙonar da ruwan tumatir. Baɗi zan tsiyaye ruwan a ƙyalle ya kwana kafin in ɗora, in kuma yi dahuwar farko da itace.

Malaman makarantarmu biyu sun nemi in sayar musu da jam ɗin zoɓo. Kyauta na ba su. Sayar da abincin kwalba ga jama'a yana bukatar rajistar NAFDAC, da wurin aiki daban da kicin ɗin gida, kuma ina so in ga yadda kayan za su kai ƙarshen damina tukuna.

Asabar, 17 Mayu

Tumatir ya yi tsada a Yankaba, kwandon da na saya 9,000 yau an ce mini 45,000. 'Yan kasuwa suna maganar zafi da tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

Mun buɗe kwalba biyu daga rukunin farko. Murfin ya yi ƙara da iska ta shiga, alamar ya riƙe. Launi ja, ƙamshi lafiya. Na soya albasa da tattasai da attaruhu sabo, na juye, ya tafasa sosai, tsamin ya fito fiye da na ɗanyen tumatir, ɗan jiƙon kanwa ya daidaita shi. Kwalba biyu sun yi miyar gida na mutum tara. In muka riƙa buɗe biyu a mako muna haɗawa da abin da ya samu, sauran 19 za su kai mu tsakiyar Yuli.

Abin da ke gaba: buɗe catnin mangwaro ranar sallah a ci da soyayyen nama. Gwajin jam da garin 'ya'yan kuka, shi ma yana da pektin da tsami, ina so in ga ko zai maye gurbin lemo a jam ɗin mangwaro kafin mangwaron ya ƙare. Gwaba kuma sai wajen Satumba, zan tanadi rariya mai ƙananan ido saboda 'ya'yanta. Na ba mai kwalabe kafin alƙalami na murafu 50, naira 5,000, ya ce kayan za su iso bayan sallah.